Kutse Ta Intanet: Amsoshin Tambayoyin Sabon Shiga

Duk wanda ya mallaki waya mai intanet, ko asusun banki da ke haɗe da layinsa, wannan takarda da shi take. Jama'a na yawan tambaya game da masu kutse, kuma yawancin abin da ake faɗa a kansu a majalisa ji-ta-ji-ta ne. To, a saurara da kyau.

Mene ne kutse? Shi ne mutum ya shiga waya ko kwamfuta ko asusun wani ba da izininsa ba, don ya saci kuɗi, ya kwashi bayanai ko ya yi ɓarna. Akwai masu wannan ilimi da bankuna da kamfanoni ke ɗauka aiki, su gwada tsaronsu su nuna musu inda ke da rauni. Sana'arsu halal ce, domin da izini suke yi.

Ta ina ɓarawon ke shigowa? A nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Ana ɗauka wani hatsabibi ne ke zaune a ɗaki mai duhu yana danne-danne har asusu ya buɗe. Akwai irinsu, amma ba su da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma galibi mai asusun ne ke tsaga bangon da hannunsa. Za a kira ka da murya mai daɗi, a ambaci cikakken sunanka, a ce daga banki ne, lambar shaidarka ta banki, wato BVN, ta sami matsala, yau za a rufe asusunka. Hankalinka ya tashi. Sai a ce an turo maka wasu lambobi ta saƙo, ka karanto su a gyara. Lambobin nan su ne OTP, waɗanda banki ke aikowa don tabbatar da cewa kai ne ke son fitar da kuɗi. Kana karantowa ka sa hannu a kan satar kanka. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa ko OTP. Wanda duk ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakanka.

Haka ake ƙwace WhatsApp. Wani zai ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, an aiko maka lambobi 6 na shiga, ka karanto masa su. Da su zai ɗora asusunka a wayarsa, ya bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon rance da sunanka. Haka kuma saƙonnin da ke yawo na tallafin gwamnati ko data kyauta, waɗanda ke cewa latsa nan ka cike fom: bayananka ake tarawa.

Wani zai ce, ni talaka, me za a sata a wurina? Ɗan abin da ke asusunka shi ne jarinka. Ban da haka, da layinka da lambobinka ana iya cin bashi da sunanka a manhajojin ba da rance, ko a damfari wani, 'yan sanda su zo ƙofar gidanka. Tun da aka ƙaddamar da BVN a 2014, aka kuma umarci a haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a Disamban 2020, layin mutum ya zama shaidarsa. Don haka a sa wa katin SIM lambar sirri, kada wanda ya tsinci waya ya zare shi ya sa a wata.

Kada a ɗauka marasa boko kaɗai ake yi wa. A watan Mayun 2021 masu kutse sun shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka, da lambar sirri guda ɗaya ta wani tsohon asusu da ba a rufe ba. Kamfanin ya tsayar da aiki na kwanaki, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4, Amurkawa kuma suka ɗanɗana layin mai, abin da mu ba baƙonmu ba ne. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran raunin da manhajar ta bi tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta na'urorinsu ba. Saboda haka in waya ta nemi a sabunta ta, kada ƙyashin data ya hana.

Wace lambar sirri ce mai kyau? Mai tsawo, wadda ta haɗa haruffa da lambobi, wadda ba shekarar haihuwarka ba ce, ba 1234 ba, ba sunan ɗanka ba. Kada a yi amfani da guda ɗaya a ko'ina. A kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel. A wurin mai POS kuwa, kai za ka danna lambarka da hannunka, kana karewa. Kunya ba ta nan.

Ga matasa masu tambayar ko za su iya koyon ilimin kutse: ƙwarai kuwa, ana neman masu wannan ilimi. A fara da sanin yadda kwamfutoci ke magana da juna, a yi gwaji a na'urar kai. Taɓa ta wani ba izini laifi ne a dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma akwai ɗauri da tara. Nijar ma ta kafa tata dokar a 2019.

In tsautsayi ya faɗa, kada a ɓoye don gudun dariya. A kira banki nan take a toshe asusu da kati, a je ofishin kamfanin waya a rufe layi, a sanar da 'yan uwa kada su tura kuɗi, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Kai da ka iya karatu, ka karanta wa iyaye da matan gida wannan takarda, ka kuma duba musu wayoyinsu tun yau.