Berenil: maganin saniya, dafin raƙumi

Ƴan'uwa makiyaya, kusan kowa a cikinku ya san Berenil, garin nan rawaya da ake damawa da ruwa a yi wa shanu allurar sammore. Yana aiki, babu musu. Amma wannan sanin ne ke jawo asara, domin in raƙumi ya fara ramewa, tozonsa ya zube, sai mai shi ya ce: "Abin da ya tada saniya ai shi zai tada amale."

A shekarar 1981, wani malamin ilimin magunguna na Jami'ar Hartum a ƙasar Sudan, Abdulƙadir Humaida, shi da abokan aikinsa, sunka gwada wannan magani a jikin raƙuma. Kafin su kai ga fiɗa, sai da sunka tsaya sunka lura da halin dabbar bayan allura. Raƙumi yakan firgita ko da ɗan taɓa shi aka yi. Miyau ya riƙa dalala, ya yi ta fitsari da kashi a kai a kai, ga gumi, ga susa, daga nan sai jijjiga ta zo ta tafi. Da anka buɗe waɗanda sunka mutu, an tarar hanta da ƙoda sun lalace. To, ku ma abin da za ku riƙa kallo ke nan: halin dabba shi ke fara nuna dafi, tun ciki bai gama ɓaci ba.

Ƙaramin fakiti mai giram 2,36 an auna shi ne don saniya mai kilo 300. Mai tebur a kasuwar Badagishiri ko Gidan Idar ba zai auna muku dabba ba, balle ya tambaye ku ko ta wane iri ce. Wani lokaci ma sunan da ke bisa fakitin daban ne, kamar Veriben, alhali sinadarin ɗaya ne, wato diminazene. In ba ku iya karatun boko ba, ku ba ɗan lakwal ya duba muku wannan kalma. Jaki da kare su ma ba su jure shi sosai.

Sammoren raƙumi, wanda ƙudaje masu cizo irin su bobuwa ke yaɗawa, yana da nasa magani, Cymelarsan, kuma likitan dabbobi ne ya kamata ya auna shi bisa nauyin raƙumin.

In kuskure ya riga ya faru, kada ku ƙara allura ta biyu don kun ga "bai ji ba". Ku kai shi inuwa, ku aje mashi ruwa kusa, kada ku yi mashi ɗure yana cikin jijjiga, ruwan na iya shiga huhu. Dafin nan ba shi da makari, sai dai a tallafa wa dabba. Ku aika nan take gidan likitan dabbobi na Ƙonni, Malbaza ko Illela, ɗan aike ya riƙo fakitin da anka yi amfani da shi, ya kuma faɗi lokacin da anka yi allurar.