Darasin Kimiyya Cikin Kwalba: Rayuwar Sauro

Malamai da yawa a makarantunmu na firamare sukan yi kukan cewa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, don haka sai su rubuta kimiyya a allo yara su haddace. Amma damina kan kawo mana kayan koyarwa har bakin aji. Ga darasi ɗaya da malamin aji huɗu ko biyar zai iya gwadawa.

Kayan aiki: kwalba mai haske, ƙyalle mara kauri, zare, da ruwan da ya kwana cikin tsohuwar taya ko fasasshiyar tukunya.

Mataki na ɗaya: Malam ya ɗebo ruwan da ke da tsutsotsin sauro, ya zuba rabin kwalba, ya ɗaure bakinta da ƙyallen, ya ajiye a inuwa.

Mataki na biyu: Kowace safiya yara su duba, su zana abin da suka gani, su rubuta kwanan wata. Za su lura tsutsa tana zuwa saman ruwa domin shan iska. Wadda ta kwanta a miƙe ƙarƙashin fuskar ruwa ta Anofilis ce, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Wadda ta rataya kai ƙasa wani iri ne dabam. Daga baya tsutsar za ta naɗe kamar waƙafi, ta daina ci, sa'an nan sauro ya fito. Daga ƙwai zuwa sauro yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 a ƙasa mai zafi.

Mataki na uku: Malam ya bayyana cewa macen sauro ce kaɗai ke cizo, gama tana bukatar jini domin ƙwanta. Ya kuma ba su labarin Ronald Ross, likitan da ya gano ƙwayar cutar cikin sauro a Indiya a 1897, ta wurin lura da haƙuri irin wanda su ma suke koyo.

Gargaɗi: kada a buɗe kwalbar sai sauron ya mutu.

Tambayoyi:
1. Me zai faru da tsutsotsin idan aka zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa?
2. A ina ruwa ke kwana a gidanku?

Malam, kada ka yi saurin ba da amsa. Yaron da ya ga sauro yana fitowa daga ruwa da idonsa, shi ne zai koma gida ya kife gwangwanaye, ya rufe randar mahaifiyarsa.