Ƙwayar Gaggawa da Naman Turka: Nazarin Kalmar "Homon" a Ƙasar Kabi

Gabatarwa

Zauro gari ne da ke kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kabi zuwa Argungu, a gefen babbar fadamar Gulbin Rima. Shinkafa da kifi su ne suka fitar da sunan wannan yanki, amma duk wanda ya ratsa fadamar da rani, bayan ruwa ya janye, zai tarar da garkunan shanu suna kiwon burgu da karan shinkafa, a cikin gidaje kuwa ga raguna a turke ana jiran Babbar Salla. A irin waɗannan garuruwa ne wata baƙuwar kalma ta sauka, ta hanyar rediyo da wayar hannu da bakin ma'aikatan asibiti, watau "homon". Ana jin ta a wurare biyu da ba su yi kama da juna ba: a maganar magungunan tazarar haihuwa, da kuma a maganar naman da aka ce an yi wa dabbarsa allurar ƙiba. Da yake kalmar ɗaya ce, sai mai sauraro ya ɗauka abin ma ɗaya ne, har ya ga kamar naman kasuwa zai hana shi haihuwa, ko ya ɗauki ƙwayar asibiti tamkar guba. Wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin rarrabe su, ya kuma duba irin Hausar da ta dace a faɗe su da ita.

Abin da Bahaushe ya sani kafin zuwan kalmar

Wani likita ɗan Ingila, Ernest Starling, shi ne ya fara amfani da kalmar a 1905, ya aro ta daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zugawa ko ingizawa. Homon wani sinadari ne da wani sashe na jiki ke sakewa cikin jini, ya tafi ya zuga wani sashen ya yi aiki ko ya dakata. Da za a kira shi "sinadarin zuga" da Hausa da ba a yi nisa da asalinsa ba.

Sunan ne baƙo, aikin kuwa Bahaushe ya daɗe yana sarrafa shi. Makiyayin da ya dandaƙe sa ko ya fiɗiye bunsuru ya san abin da zai biyo baya: faɗa zai ragu, wari zai tafi, kitse zai taru, har ma harshe ya ba dabbar sabon suna, bunsuru ya koma taure. Abin da ya yi a ilmin kimiyya shi ne ya datse mafitar homon ɗin namiji. Haka nan kuma tsofaffin mata sun lura cewa mai goyo takan daɗe ba ta ga al'ada ba, wannan kuwa aikin homon ɗin da ke kawo ruwan nono ne, wanda ke danne fitar ƙwan haihuwa. Sai dai likitoci sun ce ba a dogara da shayarwa kawai sai a wata shida na farko, muddin jariri bai fara cin wani abu ba, al'ada kuma ba ta dawo ba. Kalmomi irin su "kwanika" da "rurrutsa", waɗanda ake yi wa mace gori da su in ta yi ciki a kan goyo ko ta jera haihuwa, shaida ce cewa tazara tsakanin haihuwa da haihuwa tsohuwar al'ada ce, ba Turawa suka kawo ta ba.

Magani ɗaya, aiki biyu

Ruɗanin da ake yi yana da tushe a tarihi, domin an taɓa yin zamanin da magani ɗaya ke yin ayyukan nan biyu. A 1938 masana a Ingila suka haɗa wani homon na kanti da ake taƙaita sunansa da DES. A 1954 Amurka ta yarda a riƙa zuba shi cikin abincin shanun turka, saboda yana sa su saurin yin nama. A 1966 kuma wasu masana biyu na Jami'ar Yale, John Morris da Gertrude van Wagenen, suka ba da rahoton cewa irin wannan homon, in an ba mace shi da yawa bayan saduwa, yana hana ciki shiga. Ba a jima ba asirinsa ya tonu. A 1971 likita Arthur Herbst na birnin Boston ya gano wata irin sankara a jikin 'yan matan da iyayensu mata suka sha DES suna ɗauke da cikinsu. A 1979 Amurka ta haramta ba dabbobi shi, sannu a hankali kuma aka daina ba mata shi don hana ciki. Daga nan hanyoyin biyu suka rabu.

Maganar nama

Har yanzu a Amurka da Kanada an halatta wa masu turka homon iri shida, uku irin waɗanda jiki ke yi da kansa, uku na kanti. Galibinsu ana cusa su ne a ƙarƙashin fatar kunne, kunnen kuwa a yar da shi bayan yanka. Abin lura shi ne sai sun dandaƙe san tukuna, sa'an nan su mayar masa da ɗan abin da dandaƙa ta raba shi da shi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun ƙi wannan hanya, tun 1989 suka hana shigo musu da irin wannan nama, aka yi ta shari'a a gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Amurkawa na cewa giram 85 na naman san da aka yi wa dashen yana ɗauke da nanogiram 1.9 na homon ɗin mace, na wanda ba a yi wa ba kuwa 1.3. Kwamitin masanan Turai ya amsa a 1999 cewa ɗaya daga cikin shidan na iya jawo sankara, don haka ba za a iya yanke masa gwargwadon da babu haɗari ba. Daga wannan jayayya ce maganar "komawa ga naman da ba shi da homon" ta fito.

Wannan magana, in aka fassara ta kai tsaye, ta zama ƙarya, domin babu naman da ba shi da homon; kowace dabba mai rai tana yin nata. Abin da ake nufi shi ne naman da ba a ƙara wa dabbarsa homon na kanti ba. Mutumin Zauro kuwa ba shi da wata doguwar tafiya kafin ya kai ga irin wannan nama. Bokolo ko rahajin da ya yi kiwo a fadama, da ragon uda ko balami da aka turke a kan harawa da dusa da kowa da ɗan jiƙon kanwa, su ne abin da Bature ke biyan kuɗi mai tsada ya samu. Hatta kajin gidan gona, waɗanda aka fi zargi, saurin girmansu ya samo asali ne daga zaɓen iri da nau'in abinci.

Matsalar gida dabam take. Akwai masu turka da ke ba dabba magungunan da jama'a ke kira "sha-ka-fashe" don ta cika ido kafin ranar kasuwa. Daga cikin abin da ake sayarwa da wannan suna akwai deksametazon, wanda shi ma homon ne na kanti, amma ba na haihuwa ba. Yana buɗe ciki, yana raunana garkuwar jiki, in kuma aka yi wa saniya mai tsohon ciki allurarsa tana iya ɓari. Bugu da ƙari, binciken likitocin dabbobi a mayankan Nijeriya ya sha samun ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta a cikin nama, saboda ana yanka dabba kafin kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba su cika. Wannan aiki ne na likitan dabbobi da sarkin fawa da rundawansa. Amma babu wata hujja da ta nuna cewa irin wannan nama yana yin aikin ƙwayar hana ɗaukar ciki, ko kuma yana karya ta.

Ƙwayar gaggawa da yadda take aiki

Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ne wanda mace ke amfani da shi bayan an riga an sadu: ko ta manta da shan ƙwayarta ta kullum, ko lokacin allurarta ya wuce, ko kwaroron roba ya fashe, ko kuma an yi mata fyaɗe. Wani likita a Kanada, Albert Yuzpe, ya fito da wata hanya a 1974 ta haɗa ƙwayoyin tazarar haihuwa na yau da kullum, sai dai tana da tayar da zuciya. Wadda ta maye gurbinta ita ce ƙwayar lebonojestirel mai nauyin miligiram 1.5, wadda aka fi sani a kemis-kemis na Nijeriya da sunan Postinor. Miligiram 1.5 daidai yake da nanogiram miliyan ɗaya da rabi. Mai karatu sai ya gwada wannan da 1.9 ɗin da aka ambata a sama, ko da yake homon ɗin ba iri ɗaya ba ne.

Ciki ba ya shiga a daren saduwa kamar yadda akasarin mutane ke zato. Ƙwayoyin maniyyi suna iya zama da rai a jikin mace har kwana biyar suna jiran ƙwai, ƙwan kuwa in ya fito bai wuce yini da kwana ɗaya ba yake mutuwa. Aikin ƙwayar gaggawa shi ne ta jinkirta fitowar ƙwan har masu jira su mace. Ke nan ƙofa take rufewa kafin baƙo ya shigo. In ƙwai ya riga ya fito ba ta da sauran tasiri, in ciki ya riga ya zauna ba ta zubar da shi, ba a kuma samu shaidar tana cutar da shi ba. Saboda haka ne lokaci ya zama komai a sha'aninta. An fi so a sha ta kafin awa 72 su cika, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya sha har zuwa awa 120, amma ƙarfinta raguwa yake yi kullum. Akwai wata ƙwayar, yulifiristal, mai miligiram 30, wadda aka fara sayarwa a Turai a 2009, ita ta fi riƙe ƙarfinta zuwa kwana na biyar. Mafi inganci duka shi ne ɗan abin nan mai jan ƙarfe da ake sa wa a mahaifa, wanda mata suka fi sani da roba. In ma'aikaciyar asibiti ta sa shi kafin kwana biyar su wuce, yana hana ciki fiye da kashi 99 cikin 100.

Wadda ta sha ƙwayar tana iya jin tashin zuciya ko ciwon kai, al'adarta ta zo da wuri ko ta ɗan makara. In ta yi amai kafin awa biyu sai ta sake sha. In al'ada ta makara fiye da mako guda sai ta yi gwajin ciki. Ƙwayar ba ta kashe mahaifa, ba ta kare saduwar da za a yi bayan an sha ta, ba ta kuma tsare kowa daga ciwon sanyi ko ƙanjamau. Ba a mai da ita abin sha na kullum, domin hanyoyin yau da kullum sun fi ta inganci.

Suna linzami

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen Nijeriya takan haifi 'ya'ya 5.3 a matsakaici, matan aure kashi 12 cikin 100 ne kawai ke amfani da hanyoyin zamani. Harshe yana da hannu a wannan. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta fito da manufar yawan jama'a mai ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, aka yi ta yayata "ƙayyade iyali". Kalmar ƙayyadewa ta faɗa kunnen Musulmi tamkar shiga hurumin Ubangiji, sai da aka koma "tsarin iyali", daga baya "tazarar haihuwa", kana malamai da sarakuna suka sami bakin magana. Tsoron nan kuma bai tsaya ga ƙwaya ba: jita-jitar cewa an zuba homon mai hana haihuwa a rigakafin shan inna ita ce ta sa Jihar Kano ta dakatar da rigakafin daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

Ƙwayar gaggawa ta fi kowane magani bukatar a yi hattara da sunanta. Duk sunan da ke da "wanke" ko "zubar" ko "ɓarar" a cikinsa kuskure ne, domin yana nuna akwai abin da ya riga ya zauna. Wannan bambanci yana da nauyi a ƙasar da ke bin mazhabar Malikiyya, wadda ta halatta azalu da yardar mace amma ta tsananta a kan fitar da abin da ya riga ya tabbata a mahaifa, ko da kafin kwana 40 ne. Hukunci na malamai ne, amma malami yana yin fatawa ne a kan surar da aka zayyana masa. In tafinta ya ce masa "zubarwa", amsarsa a bayyane take. Gaskiya kuma ta wajabta a faɗa masa cewa robar jan ƙarfe ba daidai take da ƙwayar ba, domin ita tana iya hana ƙwan da ya riga ya haɗu da maniyyi kama jikin mahaifa.

Har wa yau akwai tarko a ƙidayar lokaci. Bahaushe da kwana yake lissafi, ba da awa ba, don haka ake fassara awa 72 da "cikin kwana uku". Amma wanda aka ce masa ya sha magani "cikin kwana uku" yana iya fahimtar ya rarraba shi kwana uku, ko ya jira sai kwana na uku. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe a wani ƙauyen fadama, wadda iyayenta za su ɓata yini biyu suna shawarar yadda za a rufa asiri kafin a nemi motar Birnin Kabi, ita ce wannan fassara za ta fi cutarwa, ga shi maganin rigakafin ƙanjamau da ya kamata a fara ba ta shi ma wa'adinsa awa 72 ne. Abin da ya kamata mai fassara ya ce shi ne: a sha yau, kada a kwana, in an kwana, kada a sake kwana.