Kafin ku ɗora sifana a kan notin sitiyari

'Ya'yana masu koyon kanikanci a garejojin Bolari, akwai aikin da na lura kuna ɗaukarsa da sauƙi, wato cire sitiyari da mayar da shi. A ido noti ɗaya ne a tsakiya, a kwance a ja. Amma notin nan shi ke riƙe da ran direba da na duk wanda ya ɗauko, ko Bajoga ya nufa, ko yana hawa da gangara a hanyar Kaltungo.

A zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, in ka buɗe tsakiyar sitiyari ba wani abu mai haɗari da za ka tarar. Yau kuwa Corolla da Accord da Sharon da ke cika garejinku suna ɗauke da jakar iska, a bayanta kuma akwai sinadarin da ke tashi kafin ƙiftawar ido. Don haka farkon aiki ba a cikin mota yake ba. Ku daidaita tayoyin gaba su miƙe sak, ku zare makulli, ku cire kan batir mai alamar ragi, sannan ku dakata, domin na'urar jakar tana riƙe sauran wuta ko an raba ta da batir. Toyota ta ce a jira daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3. Ni dai shawarata ku je ku sha ruwa ku dawo. In kun ciro jakar, ku lallaɓa soket ɗinta mai ruwan ɗorawa, ku ajiye ta fuskarta na kallon sama, nesa da inda ake walda. Kada wanda ya ɗora mata mita ko fitilar gwaji.

Kafin sitiyarin ya fita, ku sa alli ko fenti ku ja layi daga bakin sandar da sitiyarin ke zaune a kai zuwa jikin sitiyarin. Haƙori ɗaya kuka goce wajen mayarwa, mai mota zai yi ta tafiya da sitiyari a karkace, ya yi ta kashe kuɗi wajen masu alaimen alhali laifin daga hannunku ne. Notin kuma ku sassauta shi kawai, ku bar shi a kan zarensa. Sitiyarin da ya shekara goma a wurinsa in ya saki, da ƙarfi yake zuwa, notin ne zai tare shi kada ya sami haɓarku. In ya ƙi fita, ku ari fula a maƙwabta. Ku ajiye guduma, don Allah. An ƙera sandar ne ta lanƙwashe a lokacin haɗari don kada ta soki ƙirjin direba, duka kuwa yana raunana ta ta inda ido ba ya gani.

Inda na fi jin tsoro shi ne ƙarƙashin sitiyarin. Nan akwai faifan roba mai siririyar waya a nannaɗe kamar kaset ɗin da, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska. Juyinta ƙidayayye ne, wajen biyar daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Da zarar sitiyari ya fita, ku ɗaure ta da salatif kada ta motsa. In wani yaro ya murza ta, ku kai ta ƙarshe a hankali, ku komo da ita rabi, ku duba alamominta sun haɗu. In ba haka ba, kwanar farko da direba zai sha za ta iya tsinkewa, hon ya ɗauke, wutar jakar iska ta kama a dashbod. Akwai masu zare ƙwan wutar nan don kada mai mota ya gani. Wannan ha'inci ne, kuma kuɗin da aka ci ta haka ba albarka a cikinsa.

Tun 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, amma har yau ana shigo da motoci daga Ingila da Japan a juya musu sitiyari zuwa hagu. In irin wannan ta zo hannunku, ku duba kowane noti sau biyu, kuma ku kira oga ya gani. Tambaya ba ta rage wa almajiri daraja.

Wajen mayarwa, ku haɗa layin alli, ku ɗaure notin gwargwadon awon da kamfani ya faɗa, ku mayar da soket da jakar, batir ne na ƙarshe. Sa'ad da za ku murɗa makulli, ku kau da fuska daga sitiyarin. Wutar jakar ta kama ta mutu da kanta, ku danna hon, ku gwada sigina ta koma bayan kwana. Sannan ku roƙi oga ya zagaya da motar cikin unguwa kuna zaune a gefensa. Kada ku miƙa wa mai mota makullinsa sai kun yi wannan.