Darasin Ɗinki: Doguwar Kwat Mai Ɗamara

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako a kan doguwar kwat ne mai ɗamara, irin wadda muke gani a gwanjo lokacin sanyi. Asalinta daga Ingila ne. A 1879 Thomas Burberry ya ƙirƙiro yadin gabadin, mai matsattsiyar saƙa da ruwa ba ya saurin ratsawa. Hafsoshin Birtaniya sun sa kwat ɗin a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, shi ya sa Turawa ke kiranta kwat ɗin rami.

Za mu iya ɗinka ta a gida da samfurin takarda, wato takardun da aka zana kowane ɓangare na rigar a kai. Amma mu sani, yadin yana da tsada, kuma abin da almakashi ya yanke ba ya komawa. Don haka rabin aikin ana gama shi ne tun kafin a hau keke.

Da farko mu auna ƙirji, ƙugu, kafaɗa da tsawon hannu, mu zaɓi girman samfurin da ya dace. Mu tuna a kan wata riga ake ɗora kwat, tana bukatar sarari. Sai mu fara gwadawa da akoko mai araha. In kafaɗa ta matse, a nan za mu gyara.

Na biyu, in yadin na auduga ne, mu wanke shi mu goge kafin yanka, domin yana tsukewa. Mu shimfiɗa takardun, kibiyar da ke jikinsu ta bi tsawon yadi, in ba haka ba rigar za ta karkace. Mu zana da alli, mu duba ko samfurin ya bar wurin ɗinki, galibi santimita 1.5.

Wajen haɗawa, aljihu ne farko, sai kafaɗa da gefe, sai kwala, hannu, shafi, sannan ramukan maɓalli. Duk layin da muka ɗinka mu bi shi da dutsen guga nan take, shi ke sa kwala ta zauna daram.

Wanda bai taɓa hawa keke ba, ya fara da ɗamarar a gaban malamar koyar da ɗinki. Sannu ba ta hana zuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.