Kafin Ka Kwashe Iyali Zuwa Bakin Tafkin Kivu

Sana'ata shirya wa mutane tafiya. A da, in magidanci ya shigo ofis, kafin ya zauna na san ɗayan uku ne ya kawo shi: Umara, ko Dubai, ko ganin likita a Masar. A 'yan shekarun nan wata buƙata ta ƙaru. Mutum ya ga hutun Sallah ya haɗe da Asabar da Lahadi, ko hutun 12 ga Yuni ya faɗo ranar Juma'a, sai ya ce yana so ya kai iyali wuri mai sanyi, mai ruwa da duwatsu, inda ba sai an sha wahalar neman biza ba. Galibi maganar Ruwanda take ƙarewa, domin mai fasfon ƙasar Afirka yana shiga ba tare da ya nemi biza daga gida ba, kuma jirgin RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali. Garin da nake yawan tura iyalai shi ne Karongi, wanda tsofaffin taswirori ke kira Kibuye, a gaɓar tafkin Kivu ta gabas.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kusan kowa da hoton otal yake zuwa. Ya nuna mini baranda mai kallon ruwa a waya, ya ce, "Malam, nan nake so, nawa ne kwana huɗu?" Otal shi ne abu mafi sauƙi a duk tafiyar. Abin da ke gyara hutun ko ya ɓata shi hanya ce da ruwa, kuma su ne ba a tambayata.

Kwana huɗun da ke kan kalanda ba su ne za a yi a bakin tafki ba. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi sai ya fara kai kansa inda jirgin yake, ko ya bi ta Addis Ababa ya jira canji. Kafin a kai Kigali ana yin awoyi a sama, agogon Ruwanda kuma yana gaban namu da awa ɗaya. Ranar farko ta tafi ke nan. Ranar ƙarshe ma ta komawa ce. Abin da ya rage a tsakiya dare biyu ne a Karongi, da wuni ɗaya cikakke. In an yarda da wannan tun a gida, hutun yana daɗi. In ba a yarda ba, sai ka ga Alhaji yana so a cusa masa ganin gwaggon biri a Musanze, da gadar sama ta dajin Nyungwe, da namun dajin Akagera, duk a ciki. Musanze tana arewa, Nyungwe tana kudu, Akagera tana can gabas kan iyakar Tanzaniya. Izinin ganin gwaggon birin kaɗai dala 1,500 ne ga baƙo ɗaya a farashinsa na asali, kuma ba a shiga da wanda bai kai shekara 15 ba. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, taura biyu ba ta taunuwa. A bar wa yaran nan tafkin."

Daga Kigali zuwa Karongi kilomita 130 ne da 'yan kai. Wanda ya saba da hanyar Kano zuwa Zariya zai ce ai awa ɗaya da rabi ce. Awa uku ake yi, wani lokaci fiye. Bayan an wuce Muhanga hanyar ta fara hawa tsaunukan da suka raba ruwan da ke gangarawa kogin Kwango da wanda ke tafiya kogin Nilu, kuma daga nan har a hango tafki da ƙyar ake samun miƙaƙƙen wuri. Kwana ce bayan kwana. In babbar mota ta shiga gabanka sai haƙuri, ga kuma kyamarorin kama masu gudu da direbobin ƙasar ke tsoro ƙwarai, don tarar ba ta da roƙo. Kada ka matsa wa direba ya taka. Ba zai yi ba, kuma shi ke da gaskiya.

Wahalar wannan hanya a kan yara da tsofaffi take faɗawa. Yaron da bai taɓa amai a mota ba yana iya yi a nan, haka Hajiya babba mai fama da jiri. Don haka ina hana cin abinci mai maiƙo kafin a tashi, ina hana ba yara waya su sunkuya a kanta, mai saurin tashin zuciya kuma ya zauna gaba ko tsakiya inda zai riƙa hango hanya. A tanadi tawul da kayan canji a kusa, ba a ƙasan akwatin da ke but ba. In akwai wanda aka san shi da wannan larura, a ga likita tun a gida ya rubuta maganin da ya dace da shekarunsa. A tsaya a Muhanga a sha iska, a sake tsayawa wajen magangarar ruwa ta Ndaba, wadda ke gefen hanya kafin a kai Karongi. Sannan a tashi da safe. Ƙasar tana dab da tsakiyar duniya, rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jan ƙafa. Ban yarda a bi tsaunukan nan da iyali da dare ba, ko da jirgi ya sauka da la'asar kuma an riga an biya otal a can. A kwana a Kigali.

Akwai ranaku biyu da nake dubawa kafin in taɓa tikiti. Ɗaya ita ce Asabar ta ƙarshen wata, ranar Umuganda, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya. Mutanen Kano sun san irinsa a tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, sai dai a can ba a wasa da shi: daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na safe shaguna a rufe, motocin haya a ajiye. In Asabar ɗinku ta faɗa a kanta, tafiyar safe ta koma ta azahar. Ɗayar kuma 7 ga Afrilu, ranar da ake fara makon makokin kisan ƙare dangi da aka yi wa Tutsi a 1994. Hutun Ista yakan faɗo kusa da ita. A wannan mako ana taƙaita kiɗa da shagali, kuma Karongi na daga cikin wuraren da abin ya fi muni: an kashe dubban mutane a cocin garin da filin wasa na Gatwaro, a tsaunukan Bisesero kuma, can kudu da garin, dubbai sun yi makonni suna kare kansu da duwatsu da masu kafin a gama da yawancinsu. Bai kamata baƙo ya je yana shewa a kwale-kwale a irin wannan mako ba. Kuma ko wane wata aka je, a ja wa manya da yara kunne kada su tambayi kowa ƙabilarsa. Mu a wurinmu wannan tambaya buɗe hira ce, a can kuwa fama rauni ce.

Afrilu ɗin ma tsakiyar damina ce. Ruwa mai yawa daga Maris zuwa Mayu yake sauka, wani kuma daga Oktoba zuwa Disamba. A farkon Mayun 2023 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe mutum fiye da 130 a yammaci da arewacin ƙasar, har da gundumar Karongi. Daga Yuni zuwa farkon Satumba ne rani, shi ya sa hutun 12 ga Yuni da dogon hutun makaranta suka fi dacewa.

Yanzu ruwan. A nan nake so a saurare ni da kyau.

Kivu yana kan tsayin mita 1,460 daga matakin teku, ya ɗara Jos, kuma zurfinsa a wasu wurare ya kai wajen mita 480. Babu kada, babu dorina, ruwan garau yake, ba shi da sanyin da zai kori yaro. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da ke sa iyaye sakin jiki. Gaɓar Karongi gindin tsauni ce da ta nutse cikin ruwa. A wurare da dama taku kaɗan ne tsakanin inda ruwa ke gwiwa da inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Yawancin yaranmu ba su iya iyo ba, iyayensu ma haka, wanda kuma ya koya a wurin ninkaya na otal bai san ruwan da ba shi da bango ba. Yaro ba ya kururuwa in yana nutsewa, shiru yake yi, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Abin da nake gaya wa kowane iyali shi ne a ambaci sunan mutum ɗaya babba wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya, ba hira, in ya gaji ya miƙa wa wani baki da baki. In aka ce kowa na kallo, to ba mai kallo. Kada kuma a ɗora wa 'yar shekara goma sha biyu tsaron ƙannenta a bakin ruwa don kawai tana yi a gida.

Yawon kwale-kwale zuwa tsibirai shi ne daɗin Karongi, kuma ba na hana kowa. Akwai tsibirin Napoleon da dubban jemagunsa, wanda hawansa ke da wuya ga mai ciwon gwiwa, akwai Amahoro inda ake zama a huta, in an dace kuma a ga shanu suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa. Sharaɗina uku ne ga mai jirgin, kuma tun kafin a yi ciniki nake faɗa. A fita da safe, domin iska takan taso da rana ta kaɗa ruwan. Kada a ƙara mana fasinja. Sannan kowa ya samu rigar ceto daidai jikinsa. Wannan na ƙarshe ne ake yi wa sakaci. Masu jirgi suna da riguna, amma galibi na manya ne, yaro ɗan shekara huɗu kuwa in ya faɗa ruwa cikin rigar babba, zamewa zai yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗaure masa, a kama kafaɗun rigar a ɗaga, in ta haura kunnuwansa ba tasa ba ce. Iyalin da ke da ƙananan yara nakan sa su sayi nasu su tafi da su. Ba su da nauyi, wuri kawai suke ci. Mata kuma su lura da doguwar abaya da babban hijabi, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. A sa rigar ceton a kansu, a ɗaure ta tamau, ba a riƙe ta a cinya don hoto ba.

Wasu sukan karanta labarin iskar gas da ke ƙarƙashin tafkin su tsorata, musamman waɗanda suka tuna tafkin Nyos na Kamaru, wanda ya saki iska a Agustan 1986 ya kashe mutum fiye da 1,700. Gas ɗin yana nan, can a ƙasa mai zurfi, ruwa mai nauyi ya danne shi, har ma tashar KivuWatt da ke kusa da Karongi tana zuƙo shi tana samar da lantarki. Ba shi ne abin da zai hana ni barci saboda iyalin da za su yi dare biyu ba. Na fi damuwa da tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwa marar zurfi mai ciyayi inda ƙananan katantanwa ke zama, da kuma sauro. A hana yara wasa a irin wannan gefe, a kwana cikin gidan sauro. Katin allurar rigakafin shawara kuma ana nemansa daga wanda ya taso daga ƙasashenmu, kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana goma, don haka ba abin da za a yi ana jibi tafiya ba ne.

Akan tambaye ni me ya sa ba Rubavu ba, wato Gisenyi, tunda ta fi yashi da manyan otal. Rubavu jingine take da Goma ta Kwango, iyaka ce kawai tsakani. Da 'yan tawayen M23 suka kama Goma a Janairun 2025, harsasai sun faɗa cikin Rubavu. Ga kuma dutsen Nyiragongo da ya yi aman wuta a 2002 da 2021. Ana zuwa, amma sai an bi labarin makon. Karongi ta fi nisa da wannan duka.

Sauran ƙananan abubuwa ne, sai dai suna iya ɓata rai. Tun 2008 aka hana leda a ƙasar, ana karɓe ta a filin jirgi, don haka yaji da garin kunu da dabino su shiga roba mai murfi. A riƙe sababbin takardun dala, a canza a Kigali, kada a dogara da katin banki na gida. A sa wa yara rigar sanyi, dare a bakin tafki yana da ɗari. Gidajen abinci a can sai ka yi oda ake ɗora tukunya, kifi ɗaya yana iya cin awa guda, saboda haka a yi odar abincin dare tun la'asar. Sambaza, ƙananan kifin da masunta ke kamawa da fitilu cikin dare, da karfasa, su ne mafi sauƙi ga Musulmi. Naman alade ya yaɗu a wuraren gashi, akabenzi suke ce masa, shi ya sa ko tsiren akuya za a saya sai a tambayi wanda ya yanka da inda aka gasa. In an sauka da wuri ranar Juma'a, unguwar Nyamirambo a Kigali tana da masallatai da abincin halal. Alƙibla kuma a can ba gabas take ba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas. Na sha jin dattijo ya yi gardama da wayar jikansa a kan haka.

Ranar komawa, in jirgi na safe ne ko na azahar, a baro Karongi tun ana gobe tafiya a kwana a Kigali. In na dare ne, a tashi bayan karin kumallo, a ƙara awa biyu a kan abin da direba ya ce.