Darasi Daga Ƙissar Ka'abu Ɗan Malik

A shekara ta 9 bayan hijira, Ka'abu ɗan Malik (RA) bai fita yaƙin Tabuka ba, kuma ba shi da uzuri. Manzon Allah (SAW) ya hana a yi masa magana, har kwana 50. Ko ɗan baffansa Abu Ƙatada bai amsa masa sallama ba, Madina ta zame masa baƙon gari. Ana cikin haka sai ga wasiƙar sarkin Gassan, wai ya zo a karrama shi. Ya jefa ta cikin tanderu. To, ba kowa ke da irin wannan imanin ba.

Da Allah Ya karɓi tubarsa, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya taso da sauri ya yi masa musafaha. Ka'abu bai taɓa mance masa wannan ba.

Waccan ƙauracewa umarnin Annabi ce. Tamu fa? A ajinmu na matan aure nan Kusada, na ga ana matsawa daga tabarmar wata bazawara saboda jita-jita kawai. Ta daina zuwa. Yanzu ko gaishe ta aka yi, sai ta ɗauka habaici ne. Ranar Asabar zan je gidanta in Allah Ya so. Wa za ta raka ni?